Baƙo a Gilashin Rudy

Ardis Zupancic ba ta cin abincin da aka kawo ɗakin hutunmu sai ta san wadda ta dafa shi. Ko walimar Kirsimeti ce, an jera farantai, za ta tsaya a kansu hannu a baya tana tambaya, "Wannan na wace ce?" In aka ce na Glenda ne, wato ni, sai ta ce, "Na Glenda, ko na kantin da Glenda ta biya ta saya?" Mun fi shekara ashirin muna aiki kujera kusa da kujera, kuma ban taɓa miƙa mata abu ta karɓa ba ta juya bayansa ta duba ba.

A ɗakin ƙasa na asibitin garinmu muke, gefen masu wanki. In likita ya gutsuro ɗan nama daga jikin mutum don a bincika, wurinmu ake kawowa. Mu saka shi cikin narkakken kaki ya daskare, mu ɗora curin a injin yanka, mu yanko shi falle-falle, kowane falle ya fi fatar albasa sirantaka. Sai mu shimfiɗa fallen a kan ruwan ɗumi cikin wani kwano don ya miƙe, mu zura ɗan gilashi mu kwaso shi, mu rina, mu kai wa Dakta Sandvik ya duba a madubinsa mai ƙara girman abu. Shi ke faɗin abin da ke damun mutum, mu namu yanka ne.

Ardis ce ta koya min aikin. A makon farko ba ta bari na taɓa wuƙa ba, zaunar da ni ta yi a gaban madubi. Ta ce duk inda jikin mutum ya fuskanci waje, ko yake da rami a ciki, akwai shimfiɗar da ta rufe wurin. Likitoci suna ce mata efitiliyam, mu shimfiɗa kawai muke cewa.

"Me kika gani?" ta tambaye ni, bayan ta sa gilashin farko.

Na ce na ga wasu ƙwayoyi masu faɗi, kwance a kan juna hawa-hawa.

"Na fata ne. Irinsu ke cikin baki da hanyar abinci, duk wurin da ake guga. Na sama su goge, na ƙasa su taso. Wannan fa?"

"Dogaye, a tsaye, layi ɗaya."

"Hanji. Su ke tsotse abin da kika ci. Masu tumbin nan da ke tsakaninsu su ke fitar da yauƙi don hanya ta yi santsi. Ki dube su da kyau, za ki yi ta haɗuwa da su."

Haka muka yi ta yi. Ta nuna min na ƙoda, gajeru masu kusurwa huɗu kamar ƙwayar sukari. Ta nuna min na maƙogwaro, masu gashi a ka, waɗanda ke sharo ƙura zuwa sama, ta ce mijinta ya ba nasa aikin da ya fi ƙarfinsu a ramin ma'adini. Na mafitsara suna miƙewa su koma. Na huhu falle ɗaya ne tak, siriri, don iska ta ratsa. Ni a zatona so take in iya karatu. Sai da muka gama ta faɗa min dalili.

"Kowanne da gidansa," ta ce. "Ranar da kika ga ɗan hanji a gilashin fata, kada ki ce ikon Allah. Ki tambayi wanda ya kawo shi."

Wannan shi ne abin tsoron sana'armu. Wani ɗan ɓarɓashi daga naman mutum ɗaya, wanda ido ba ya gani, ya kan saura a kan ruwan kwano ko a bakin hantsaki, ya manne a gilashin wanda ya biyo baya. Baƙo muke ce masa. In baƙon na mai ciwon daji ne, to lafiyayyen mutum ya shiga uku. Shi ya sa bayan kowane curi ake jan takarda a kan ruwan a share shi, a goge hantsaki, kafin a ɗauki na gaba.

Ardis sau biyu take sharewa. Ta kan kuma miƙo wuya ta leƙa kwanona ba kunya. Na sha yin fushi, har wata rana na ce mata, "Baiwar Allah, in kwanon nan kike so, ɗauke shi ki kai gida." Ko a jikinta. Daga baya wata tsohuwar ma'aikaciya ta ba ni labarin abin da ya mai da ita haka. Tana budurwa ta yi aiki a wani babban asibiti a birni. Aka yanke wa wani mutum rabin tumbi, aka duba abin da aka ciro ba a sami komai ba, ashe baƙo ne a gilashinsa. Su huɗu ne a teburin yanka ranar, kuma har yau ba a san hannun wa ya fito ba. Sauran ukun kowacce ta ce ba ita ba ce, ta ci gaba da rayuwarta. Ardis ce kaɗai ba ta iya cewa haka ba. Ta tattara ta dawo gida, ta auri Rudy, ta shigo ɗakin ƙasan nan da zarginta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Zargin bai tsaya a wurin aiki ba. Mai gyaran mota sai ya nuna mata tsohon ƙarfen da ya cire. Fasto in ya kawo aya, tana komawa gida za ta buɗe ta duba ko haka take. Mutum ɗaya ne na san ya tsira, shi ne Rudy, kuma ina jin don ba shi da ɓoyayyen ciki ne. Ƙaton mutum ne mai dariya, ya yi ritaya daga ma'adinin ƙarfe, ba abin da ya sa a gaba sai kamun kifi. Tafki na daskarewa zai ja ɗan ɗakinsa na katako ya kafa a kan ƙanƙara, ya huda rami, ya wuni da kofi da tsiran alade. Ƙwarnafi kuwa ya zame masa aboki, aljihunsa ba ya rabo da ƙwayoyin magani, yana tauna su kamar alewa.

A hunturun da nake ba da labari, loma ta fara tsaya masa a ƙirji. Ardis ta gane ne da ta ga ya fara tsoma burodi a kofi, abin da ya saba yi wa tsofaffi dariya a kai. Ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Aka zura masa bututu mai fitila ta baki, aka ga wani ɗan wuri ja a ƙasan hanyar abinci, aka gutsuro 'yan ƙanana aka aiko mana.

Doka ce a wurinmu, ba ka taɓa naman ɗan gidanku. Don haka ni na saka na Rudy a kaki, ni na yanka. Ardis ta juya min baya ranar, ta yi nata aikin, ba ta leƙo ko sau ɗaya ba. Na ji daɗin haka, na ɗauka yarda ce.

Da sakamako ya fito, Dakta Sandvik da likitan Rudy suka kira su biyun ofis. Yawancin naman lafiya lau yake, masu faɗin nan ne kwance hawa-hawa, yadda ya kamata a gani a hanyar abinci. Amma a gefe akwai wani ɗan guntu shi kaɗai, bai manne da komai ba. Dogaye ne irin na hanji, kuma sun lalace, sun hau kan juna, ba layi ba tsari. Dakta ya yi musu bayani cewa in ruwan ciki ya daɗe yana ƙona ƙasan hanyar abinci, shimfiɗar wurin ta kan sauya ta koma irin ta hanji don ta jure, kuma a cikin wannan sauyin ne wani lokaci daji ke tsirowa. Ya ce abin ya yi kama da haka, amma guntun ƙarami ne, zai sa a ƙara yanka kafin ya tabbatar.

Ardis na saukowa ta tsaya a kaina. Ko rigar sanyinta ba ta cire ba.

"Glenda, me kika yanka kafin na Rudy?"

"Abubuwa da yawa."

"Ban ce da yawa ba. Wanda ya zo dab da shi."

Na tuna. Babban hanjin wani dattijo ne, da daji a jikinsa ƙato. Ita ma ta sani, ba abin da ke shiga ɗakin nan ya wuce ta.

"Ɗan hanji a gilashin maƙoshi," ta ce a hankali, "kuma hanji ne ya gabace shi a kwanonki. Ke ma kin san ruwa ba ya tsami banza."

"Na share ruwan."

"Kin tuna kin share, ko kin san kina sharewa?"

Tambayar ta soke ni. Abin da hannu ya yi sau dubbai, kai ba ya riƙe shi. Da za a ce in rantse ina sharewa kullum, zan rantse. Amma a ce in nuna wannan sharewar guda ɗaya a cikin kaina, babu ita. Na ce mata, "Ardis, ke kika koya min. In hannuna ya lalace, naki ne." Ta ce ba ta zo jin daɗin baki ba.

Dakta Sandvik bai raina maganarta ba. Ya ce shi ma ya yi tunanin haka, shi ya sa ya nemi ƙarin yanka. Hanyar ganewa sananniya ce: baƙon da ya hau daga kwano a gilashi ɗaya kawai yake, in aka koma curin kaki aka sake yanka, ba za a gan shi ba. Ardis ta ce ba ni zan yanka ba. Dakta ya ce ita ma ba ita ba, kuma mu biyu ne kaɗai a ɗakin. Aka daidaita a kan ni in yanka, ita ta tsaya ta kalla.

Ban taɓa yin aiki cikin takura irin ta ranar ba. Ta zubar da ruwan kwanona da kanta, ta wanke shi, ta zuba sabo. Ta buɗe sabuwar wuƙa. Ta ɗaga gilasan ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila. Ina yanka ina jin numfashinta a wuyana.

Guntun ya sake fitowa. Yana cikin curin.

Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara neman kalmar da zan tausasa ta da ita. Sai ta ce, "To ba a kwano ya shiga ba. Tun wurin saka kaki ne. A bakin hantsaki ya zo."

Gaskiya ne hakan na faruwa. Kuma ni na saka kakin.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Gaisuwa ta koma ɗaga kai. In na tashi zuwa banɗaki, in dawo in tarar an taɓa min kayan aiki. Ta tambayi mai shara ko ta ga inda nake ajiye hantsakina. Ta tambayi wata nas ko gaskiya ne na sauya gilashin ido kwanan nan. Har ta tuno wata rana, shekaru da suka wuce, da na zo aiki da mura, ta ce tun ranar ta lura ina da gaggawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi ta zaginta a zuci a hanyar gida. Amma abin da ya fi ɓacin ran ciwo shi ne ni ma na fara zargin kaina. Ina ɗaukar hantsaki in goge, in ajiye, in sake ɗauka in goge. Na fara leƙa kwanona yadda take leƙa shi.

Wata safiya ina fitowa daga mota sai ga Rudy a filin ajiye motoci, ya kawo ta aiki. Ya ƙwala min kira, ya miƙo min kifi a naɗe cikin jarida.

"Na jiya ne, 'yar uwa. Ki soya da man shanu, kada ki bari mijin nan naki ya taɓa, ɓata shi zai yi."

Na yi godiya, na tambaye shi jiki.

"Jiki garau. Ai madam ta faɗa min komai. Wai naman wani tsoho ne ya yi min kutse." Ya yi dariya har yana dafa mota. "Ki kwantar da hankalinki, ba na riƙe ki da komai. Ni da na taɓa juye lodin dutse a inda ba a ce ba, wa zan yi wa faɗa? Likita ma ya ce in koma a sake zura min bututun nan, na ce a bari tukuna ƙanƙara ta narke. Me zan je yi, tun da ba nawa ba ne?"

Na shiga da kifin a hannu. Ardis tana ɗaura rigar aiki.

"Kin ce masa ba nasa ba ne?"

"Na ce masa abin da na gani."

"Ya fasa komawa wurin likita, Ardis."

"Zai koma."

"Yaushe? Ke da ba ki yarda da kwanan watan da ke jikin kwalin madara ba, yanzu kin yarda da abin da ba wanda ya tabbatar?"

Ta zauna. Da ta yi magana, muryar ba irin wadda na sani ba ce.

"Glenda, don Allah ki tuna da kyau. Ko waya ce ta yi ƙara ranar. Ko wani ya shigo ya yi miki magana kina tsaka da aiki. Ba zan kai ki ko'ina ba, wallahi ba wanda zai ji. Ki ce min kawai wataƙila ba ki goge ba."

Nan fushina ya tafi, tausayi ya maye gurbinsa. Matar da ta ƙare rayuwarta tana farautar sakaci, yau ita ce ke roƙon a ce an yi shi. Kuma kalmar tana bakina, ba ta da wuyar faɗa, tun da ni kaina ba ni da tabbas. Da na ce wataƙila, da ta rungume ni. Rudy kuma da ya koma kan ƙanƙararsa da abin da ke ƙirjinsa.

Na ce, "Ban sani ba, Ardis. Ke ma ba ki sani ba. Akwai sauran nama a curin. Mu roƙi Dakta a yanka har ƙasa."

Ta san abin da hakan ke nufi. Guntun da ya bayyana shi kaɗai a sama, wani lokaci ƙarshen wani abu ne da ke binne a cikin kakin. In baƙo ne, zai ƙare shi kaɗai yadda ya fara. In ɗan gida ne, za a ga inda ya dafe.

Dakta ya yarda. Na yanka a hankali, falle bayan falle, ina kwashe kowanne don kada a rasa komai, har kakin ya kusa ƙarewa. Wannan karon ba ta tsaya a kaina ba, tana can kujerarta ta haɗa hannuwa a cinya. Washegari da hantsi Dakta Sandvik ya sauko da kansa da gilasan a faranti. Ya ce zai kira likitan Rudy, kuma ba dole ne Ardis ta duba ba. Ta ce za ta duba.

Madubinsa mai wurin ido biyu ne, don haka ni da ita muka duba tare, shi yana tura gilashin. A fallen farko guntun na nan shi kaɗai. A na gaba ya ƙara girma, ya matso. Can ƙasa sai ga shi ya haɗe. Masu faɗin nan na hanyar abinci suna tafe hawa-hawa, lafiya lau, sai suka sirance, dogaye masu tumbi suka karɓa daga inda suka tsaya, a kan tushe ɗaya, babu tsaga babu rata. Daga cikin dogayen ne lalatattun suka tsiro. Nama ɗaya ne, kuma na Rudy ne.

Ardis ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta sa hannu ta gyara madubin, ta sake gyarawa, ko da yake ba abin da ya dushe. Sannan ta zare gilashin, ta duba lambar da ke jikinsa, ta duba ta curin. Daidai suke. Ta ajiye su a hankali.

Dakta ya fara cewa alamu sun nuna an kama shi da wuri, in aka yi hanzari akwai abin yi. Ta gyaɗa kai. Ta tambaye shi ko za a iya ganin Rudy a wannan makon, ya ce zai nema musu.

Da lokacin tashi ya yi, ta sa rigar sanyi ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban jira ba.

"Zo ki raka ni," ta ce. "Ni na ce masa ba nasa ba ne."

Muka hau matakala muka fita. Motar Rudy na can ƙarshen fili, injin a kunne, sandunan kamun kifi sun leƙo ta baya. Da ya hango mu tare sai ya washe baki, ya sauke gilashin taga.

"Yauwa, an shirya ke nan. Na faɗa miki, Ardis, kowa na kuskure. Glenda, ya kifin?"

Ardis ta zagaya ta ɓangarensa, ta buɗe ƙofar direba.

"Matsa can," ta ce. "Ni zan tuƙa."

Ya buɗe baki zai yi wasa, sai ya dubi fuskarta. Ya dube ni. Ya sa hannu ya kashe rediyo, ya ja jikinsa ya koma ɗaya kujerar.